Darasi: Kuɗin Gwamnati da Gidajenmu

Kowace damina mukan ga katanga ta faɗi, soro ya rufta, mai gida ya kwashe iyalinsa zuwa gidan maƙwabci. Sai ka ji ana cewa, "Ina Gwamnati?" To, yau za mu koyi inda kuɗin gidaje ya ke fitowa, da hanyar da ya ke bi.

Gwamnatin Jihar Kano tana samun kuɗi ta hanya biyu. Akwai harajin da mu ke biya, akwai kuma rabon da a ke aiko mata daga Abuja. Kowace shekara Gwamna yakan kai lissafin ayyuka gaban Majalisar Dokoki. Shi a ke kira kasafin kuɗi. Aikin da ba a rubuta a ciki ba, da wuya a yi shi. Ku lura da wannan ƙwarai.

An sha gina gidaje da kuɗin jama'a. Zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, an gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, a ke cire Naira biyu da rabi daga kowace Naira ɗari ta albashin ma'aikaci, don ya sami rancen gida. Tsakanin 2011 da 2015 Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya gina unguwannin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a gefen birnin Kano.

Amma mu mutanen Jajaye, da sauran ƙasar Rogo da Karaye, galibi manoma ne. Ba mu da albashi, birni kuwa da nisa. Hanyarmu ita ce haɗa kai. A 2009 aka fara wani shiri tare da Bankin Duniya a jihohi masu yawa. A lokacin shirin, mutanen gari sukan zaɓi aiki da kansu, su kawo kashi ɗaya cikin goma, a cika musu saura. Kashin nan yakan zama yashi, ko dutse, ko ƙarfin jiki, watau aikin gayya da muka gada.

Ga abin da ya kamata mu yi. Mu taru gaban Dagaci, maza da mata, mu zaɓi aiki ɗaya. Magudanar ruwa ta fi gaggawa, gama ruwan da ya kwanta gindin katanga shi ke kayar da gida. Mu zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. Mu rubuta takarda zuwa ga Ƙaramar Hukuma da wakilinmu na Majalisa tun ba a gama kasafi ba. Mu ajiye kwafinta. Kowa kuma ya nemi takardar filinsa, don dokar 1978 ta ba Ƙaramar Hukuma ikon ba da ita a ƙauye.

Kada mu ba kowa kuɗi sai da rasit. Kada mu dangwala yatsa a takardar da ba mu karanta ba. Amfanin zuwa aji ke nan.

Tambayoyi

1. Mene ne kasafin kuɗi?
2. Wane aiki ya fi gaggawa a unguwarku?
3. Rubuta takarda gajera zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma, ka nemi magudanar ruwa.