Daraktoci Masu Zaman Kansu da Cinikin Kamfanoni Tsakanin Ƙasashe

Kowane babban kamfani yana da majalisar daraktoci wadda ke sa wa manajoji ido a madadin masu hannun jari. Daga cikinsu akwai waɗanda ake kira masu zaman kansu, wato ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Sau da yawa mutum ɗaya yakan zauna a majalisu biyu ko uku, ta haka kamfanoni ke ƙulluwa da juna.

Ɗalibin ilimin halittu zai fahimci wannan cikin sauƙi. Ƙudan zuma yakan ɗauki ƙurar fure daga wata shuka zuwa wata, sai shukar ta yi 'ya'ya. Amma a jikinsa ne kuma cuta kan bi. Haka daraktan yake. Idan kamfani zai sayi wani a ƙasar waje, babbar matsalarsa ita ce jahiltar dokoki da kasuwa da mutanen can. Daraktan da ya san ɓangarorin biyu yakan kawo labari da amana. Sai dai kuma yana iya fifita abokansa a kan masu jarin da ya kamata ya kare.

Misali daga Jamus

A shekarar 2000 kamfanin Vodafone na Ingila ya sayi Mannesmann na Jamus a kan kimanin dala biliyan 180, bayan Mannesmann ya shafe watanni yana turjewa. Da aka daidaita, sai wani kwamiti na majalisar sa ido ta Mannesmann ya amince da ba wa shugabannin kamfanin, na lokacin da na baya, kyautar miliyoyin kuɗi. Cikin 'yan kwamitin akwai Josef Ackermann, jigo a bankin Deutsche Bank. An gurfanar da su a birnin Düsseldorf a 2004 bisa zargin cin amana. A 2006 aka rufe shari'ar ba tare da an kama kowa da laifi ba, bayan waɗanda ake tuhuma sun yarda su biya yuro miliyan 5.8.

Dokar Clayton ta 1914 a Amurka ta hana mutum zama darakta a manyan kamfanoni biyu masu gogayya da juna, dokar Jamus kuma ta ƙayyade wa mutum kujeru goma a majalisun sa ido.

Tambaya ga ɗalibai: idan masu saye abokan darakta ne, ya kamata ya kaɗa ƙuri'a ko ya janye? A tattauna a aji.