Ruwan ƙarƙashin ƙasa: ƙaƙa yake ɓaci, ƙaƙa ake gyara shi?

Ƴan uwa, darasinmu na yau a kan ruwan rijiya yake. Kowa ya san ruwa mai laka, kowa ya san ruwa mai wari. Amma akwai ruwan da za ka gani garau, ka sha ka ji daɗi, alhali da cuta a cikinsa. Ido ba ya ganin wannan cuta, harshe kuma ba ya jin ta. Sai an auna ake sani. Shi ya sa akwai mutanen da aikinsu ke nan: su binciki ƙasa da ruwa, su gano abin da ya ɓata su, su nuna hanyar gyara. Ana ce musu masana muhalli.

Ina ruwan rijiya yake fitowa?

In ruwan sama ya sauka, wani ya bi ƙorama, wani ya taru cikin tabki, wani kuma ƙasa ta shanye. Wanda ƙasa ta shanye yana ratsa rairayi a hankali, har ya iske laka mai tauri ko dutse, ya tsaya. Nan yake kwanciya tsakanin ƙwayoyin rairayi. Shi ne mai ginar rijiya ke tarar ma.

Mu mutanen Arewa, Allah ya ba mu Dallol Mauri. Tsohon kwarin gulbi ne da ya ratsa gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, ya gangara kudu wajen Gaya. A cikin kwarin, wurare da yawa ruwa kusa yake: gaba biyu ko uku ka tarar da shi. Don haka ake noman rake da garake a yankin Tibiri da Gecheme. A kan tudu kuwa, sai an yi gaba da yawa kafin a ga ruwa.

Ruwa na kusa arziki ne, amma yana da hatsari. Rairayi kamar rariya yake. Abin da ka zubar bisa ƙasa bai ɓace ba. Damina na zuwa ta tura shi ƙasa, wata rana ya fito cikin guga.

Mi ke ɓata ruwa?

Na farko, bayan gida. In salanga tana kusa da rijiya, ko ramin salanga ya kai ga ruwa, ƙwayoyin cuta suna bi ta rairayi su shiga rijiya. Daga nan zawo da kwalara ke samun hanya. Kashin dabbobi a bakin rijiya ma haka yake yi.

Na biyu, takin zamani in ya yi yawa. Abin da shuka ba ta ci ba yana narkewa ya sauka. Cikinsa akwai wani sinadari da ake kira nitirat. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake ce ma OMS, ta ce kada ya wuce miligram 50 cikin litir guda na ruwan sha. In ya wuce, jarirai ne ya fi cutarwa, don yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata.

Na uku, maganin ƙwari, da baƙin mai na mota, da ruwan tsohon batir, da shara da ake zubawa cikin tsofaffin rijiyoyi da kududdufai.

Na huɗu, dutsen da ruwan ke kwance ciki. Wani lokaci ba wanda ya zuba komi, daga dutsen ne gubar take narkewa.

Labarin yaran Tibirin Gobir

A lura da kyau: Tibiri biyu ce. Akwai tamu ta jihar Dosso, wadda ta zama gunduma a 2011. Akwai kuma Tibirin Gobir, kusa da Maradi. A can ne wanga abu ya faru.

Wajen shekara ta 1985 anka fara ba garin ruwan fanfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Mutane sunka yi murna, don ruwan garau yake. Bayan shekaru sai anka lura haƙoran yara suna yin ja, suna yin baƙi. Wasu yaran ƙafafunsu sunka lanƙwashe, wasu sunka kasa girma. Da anka auna ruwan, sai anka iske wani sinadari mai suna fuliyor ya yi yawa ƙwarai.

Fuliyor kaɗan yana ƙara ma haƙori ƙarfi. In ya yi yawa, yana ɓata haƙori da ƙashi, musamman na yaro mai tasowa. OMS ta ce kada ya wuce miligram 1,5 cikin litir. Miligram kuwa, in ka raba giram guda kashi 1000, kashi ɗaya ke nan. Ƙwayar gero guda ta fi miligram 1,5 nauyi. Ruwan Tibiri ya ninka wannan awo fiye da sau uku, kuma yara sun yi shekara wajen 15 suna shan shi. Yara kusan 5000 abin ya taɓa, fiye da 400 daga cikinsu sunka nakasa.

Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ta ɗauki maganar ta kai gaban shari'a. A 2002 ƙungiyar FIDH ta duniya ta fitar da rahoto a kai. An kuma canja ma garin ruwan sha. Amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya komawa daidai don an canja ruwa. Da an riƙa auna ruwan, an kuma yi aiki da sakamakon awon tun da wuri, da yara da yawa sun tsira.

Labarin ƙauyukan Zamfara

Zamfara tana Najeriya, gabas da Sakkwato da Kabi, ba nisa can da mu. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF sunka iske yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An fara zaton zazzaɓin sauro ne ko sanƙarau, amma magani bai yi aiki ba. Da anka auna jininsu sai anka ga dalma.

Ga yadda abin ya faru. Mutane suna haƙo dutsen zinariya su kawo cikin gida. Nan ake daka shi, a niƙa, a wanke, a shanya. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, da ɗakuna, da bakin rijiya. Yaro mai rarrafe yana taɓa ƙasa ya kai hannu baki. Yara fiye da 400 sunka rasu.

Likitoci sunka ce magani kaɗai ba ya isa, don in yaro ya warke ya koma gida mai guba, cutar za ta dawo. Sai an gyara ƙasa tukuna. Masana na wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics sunka zo, tare da cibiyar Blacksmith da ma'aikatan jihar Zamfara. Suna da na'urar hannu da ake ɗora ma ƙasa ta faɗi yawan dalma nan take. Gida gida sunka bi suna awo. Inda gubar ta yi yawa, mutanen gari da kansu sunka kankare ƙasar sama da fartanya da shebur, wajen santimetir 5. Anka zuba ta cikin buhuna, anka kai wani babban rami nesa da gari anka rufe. Sannan anka kawo ƙasa mai tsabta anka shimfiɗa, anka sake awo. Ƙauyuka 7 anka gyara a 2010 da 2011, cikinsu har da Dareta da Ƴargalma. Garin Bagega, wanda ya fi su girma, sai a 2013 anka gyara shi.

Ƙaƙa masana ke aiki?

Da farko suna tambaya. Mi ake yi a wannan fili da? Ina ake zubar da shara? Yaushe ɗanɗanon rijiya ya canja? A nan tsofaffi da mata masu ɗibar ruwa sun fi kowa sani. Kada a ɓoye musu komi.

Sannan su ɗebi ruwa cikin kwalabe masu tsabta, da ƙasa cikin leda. Kowane a rubuta masa sunan wuri da rana, a kai ɗakin awo.

Bayan haka su auna zurfin ruwa a rijiyoyi da yawa, don su gane inda ruwan ƙasa ya nufa. Shi ma tafiya yake yi, amma a hankali. In an san inda ya nufa, an san rijiyar da guba za ta iske nan gaba.

Sai a toshe tushen ɓarna. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In ba a kawar da abin da ke zubar da guba ba, duk aikin da anka yi ya tashi a banza.

Daga nan sai gyara. Ƙasa ana iya kwashe ta, kamar yadda anka yi a Zamfara. Rijiyar da ƙwayoyin cuta sunka shiga, ana yashe ta, a wanke da kulor, a gyara bakinta. Amma in guba ta bazu cikin ruwan ƙasa, aiki ya yi wuya. Sai a jawo ruwan da inji, a tace, a yi ta maimaitawa. A Amurka da Turai akwai wuraren da anka yi shekaru gommai ana wannan aiki, da kuɗi masu yawa. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi shi ne a rufe rijiyar, a gina wata a wuri mai lafiya. A Kenya da Habasha kuma ana tace fuliyor da gawayin ƙashi.

Daga ƙarshe a dawo a sake awo. Ba a cewa aiki ya yi sai awo ya shaida.

Mi za mu iya yi da kanmu?

Salanga ta yi nesa da rijiya metir 30 ko fiye, kuma ta kasance wajen gangare. A cikin kwari, kada raminta ya kusanci ruwa.

A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi da magudana. Wurin shayar da dabbobi ya koma gefe. Guga da igiya a rataye su, kada a yar a ƙasa.

Kada a wanke famfon feshi kusa da rijiya. Kada a zuba ruwan sha cikin galan ɗin maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma.

Wanda ya je wurin zinariya kada ya kawo dutse gida. Ya yi wanka ya canja tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Tafasa ruwa ko sa masa ƙwayar Aquatabs yana kashe ƙwayoyin cuta. Amma ba ya cire fuliyor, ko nitirat, ko dalma. Jariri a ba shi nono zalla har wata 6.

In an gina sabuwar rijiya ko burtsatse, kwamitin ruwa ya nemi takardar awo, a karanta ta gaban jama'a, a ajiye. Tun 2010 Nijar tana da dokar ruwa, kuma tambaya ba laifi ba ce. In kun ga haƙoran yaran unguwa guda suna canja launi, ko zawo ya yi yawa ga masu shan rijiya guda, ku sanar da likita, da magajin gari, da ma'aikatar ruwa ta gunduma. Yanzu da kuke iya rubutu, ku rubuta ranar da sunan rijiyar, ku riƙe kofi guda a hannunku. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Don mi ruwan kwari ya fi na tudu saurin ɓaci?
2. Wane sinadari ne ya cutar da yaran Tibirin Gobir, kuma daga ina ya fito?
3. Don mi anka gyara ƙasa a Zamfara kafin a maida yara gida?
4. Wace cuta tafasa ruwa ke kashewa, wace ce ba ta cirewa?
5. Ku auna da taki tsakanin rijiyar unguwarku da salangar da ta fi kusa. Ku rubuta abin da kunka samu, ku kawo aji mu tattauna.