Darasi na Goma Sha Ɗaya: Hasashen Ƙarfin Murɗawa a Fanka ta Hanyar Kwamfuta

Gabatarwa

Wannan darasi misali ne na yadda ake sarrafa Hausa wajen bayanin kimiyya da fasaha. Ya ƙunshi yadda injiniyoyi ke amfani da kwamfuta su yi hasashen ƙarfin da fanka za ta buƙata tun kafin a ƙera ta, da kuma dalilan da kan sa hasashen ya kauce. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi ya iya bayyana ma'anar ƙarfin murɗawa, ya kuma zayyana ƙofofin da kuskure ke shigowa cikin lissafinsa.

Ma'anar Ƙarfin Murɗawa

Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin da inji ke sakawa a kan sandar fanka domin fukafukanta su juya duk da turjiyar iska. Ana auna shi da niyutan-mita. Idan aka ninka shi da adadin juyin fanka a minti ɗaya, aka raba da 9,550, sai a sami ƙarfin aikin injin a kilowat.

Alal misali, a ɗauki fankar masana'anta mai juyi 1,450 a minti. Idan kwamfuta ta ce ƙarfin murɗawarta niyutan-mita 10 ne, to injin da za a ɗaura mata na kimanin kilowat 1.5 ne. Amma idan ainihin ƙarfin 11 ne, buƙatarta ta kusa kilowat 1.7. Wato kuskuren kashi 10 cikin ɗari ya isa ya sa injin ya riƙa ɗaukar zafi har kwayil ɗinsa ya ƙone. Idan kuma hasashen ya zarce gaskiya, an sayi babban inji ke nan ba tare da buƙata ba.

Yadda Kwamfuta ke Yin Hasashe

Tushen aikin shi ne ƙa'idojin lissafin gudanar iska da ruwa, waɗanda Navier na Faransa ya gabatar a 1822, Stokes kuma ya inganta su a Ingila a 1845. Kwamfuta takan rarraba sararin da ke kewaye da fanka zuwa ƙananan gidaje masu ɗimbin yawa tamkar saƙar raga, ta lissafa saurin iska da matsinta a kowane gida. Daga nan sai ta tattara abubuwa biyu a kan fukafukai: matsin iska da kuma gugar iska a jikinsu. Jimillarsu ita ke ba da ƙarfin murɗawa.

Ƙofofin Kuskure

Ƙofa ta farko ita ce ragar kanta. Dab da jikin fiffike akwai siririn sashe inda saurin iska ke sauyawa ƙwarai. Idan gidajen ragar suka yi girma a wurin, ba za a lissafa gugar iska daidai ba.

Ta biyu ita ce hargitsin iska. Tun a 1883 Osborne Reynolds ya nuna cewa gudanar ruwa takan rikice idan saurinta ya ƙaru, haka ma iska. Bin kowane ƙaramin kewayen iska aiki ne mai tsada, don haka akan yi amfani da tsarin ƙiyasi, irin wanda Launder da Spalding suka bayyana a 1974, ko na Menter na 1994. Waɗannan sukan yi kyau muddin iska na bin fiffike lami lafiya. Da zarar an toshe wa fanka hanya, iska ta fara ɓallewa daga bayan fiffike, sai hasashen ya yi rauni.

Ta uku ita ce tazarar da ke tsakanin bakin fiffike da gangar fanka. Wasu kan share ta daga zane don sauƙin aiki, alhali iskar da ke zurarewa ta nan tana sauya matsin da ke kan fiffike.

Ta huɗu ita ce nauyin iska. A bakin teku, cikin zafi digiri 20, mita ɗaya murabba'in kubu na iska yana da nauyin kimanin kilo 1.2. A kan tudu irin na Jos iska ta fi haka sauƙi, ƙarfin murɗawa kuwa yana raguwa daidai da raguwar nauyinta.

Kammalawa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Saboda haka ba a dogara da hasashe sai an gwada fankar a ɗakin gwaji bisa ƙa'ida irin ta ISO 5801. Ko a nan ma sai an lura, domin abin da aka auna a sanda yakan haɗa da gugar boris, wadda kwamfuta ba ta lissafa ba. Sai an cire ta kafin a kwatanta sakamakon biyu.

Auna Fahimta

1. Mene ne ƙarfin murɗawa, kuma da me ake auna shi?
2. Lissafa ƙarfin aikin injin fanka mai juyi 960 a minti da niyutan-mita 20.
3. Tsamo kalmomin aro biyar da ƙirƙirarru uku daga darasin, tare da bayanin kowace.