Tafiyar Sallah da Kirsimeti: Yadda Za Ka Je Lafiya, Ka Dawo Lafiya

Mai karatu, duk lokacin da bikin Sallah ko na Kirsimeti ya gabato, Sashen Ba da Agajin Gaggawa na wannan asibiti yakan cika da waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Da yawansu sun baro gida ne da tsarabar yara a jaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yawancin abin da ke jawo haka abu ne da za a iya kauce masa tun kafin a tayar da mota.

Barci ba ya sallama

Direban da ya kwana yana lodi, ko ma'aikacin da ya tashi aiki ya kama hanyar Kano daga Abuja don ya riski Idi, duk suna cikin haɗari ɗaya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan ido ya rufe na daƙiƙa 4 kacal, motar ta wuce tsawon filin ƙwallo ba mai riƙe da ita. Gyangyaɗi ya fi kama mutum tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, da kuma bayan cin abincin rana. Goro da gahawa suna ɗan jinkirta shi ne kawai, ba sa biyan bashin barci. Ka tsaya ka huta kamar minti 15 bayan kowace awa 2. Idan ka fara hamma, ko ka ga motar tana cin layin wani, ka sami wuri mai tsaro ka runtsa.

Idan kana shan magani

Wannan ya shafi majiyyatanmu musamman. Ka kula da waɗannan:

1. Maganin mura irin su firiton, da maganin barci irin su baliyam, suna kashe jiki. Kada ka sha ka kama sitiyari.
2. Tiramadol da wasu direbobi ke sha wai don ƙarin kuzari yana rage hankali, kuma yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.
3. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari ya ci abinci kafin ya tashi, ya ajiye dabino ko ƙwayar sukari kusa da hannu. Gumi, rawar jiki da duhun gani alamu ne na sukari ya faɗi. A tsaya nan take.
4. Mai farfaɗiya kada ya tuƙa sai likitansa ya amince.
5. Ka ɗauki maganin da zai ishe ka har ka dawo, da katin asibitinka, a jakar hannu.

Gudu, bel da hular kwano

Dokar hanya a Nijeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 100 a awa a kan babban titi mai tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Idan hazo ya sauka ko ruwa ya tsuge, ka rage ƙasa da haka, ka kunna fitila. Bel ɗin kujera yana rage haɗarin mutuwar wanda ke gaba da kusan rabi, kuma na baya ma yana buƙatarsa. Yara a kujerar baya za su zauna. Uwa ba za ta iya riƙe jaririnta ba idan mota ta yi karo, kome ƙarfin hannunta. A kan babur kuwa, a sa hular kwano a kuma ɗaure igiyarta, domin wadda ba a ɗaure ba takan cire kafin kai ya taɓa kwalta.

Idan kai fasinja ne, kana da bakin magana. Kada ka shiga motar da aka cusa mutum biyu a kujerar gaba. Idan direba yana gudun ganganci ko yana waya, ka yi masa magana cikin ladabi, sauran fasinjoji za su mara maka baya.

Idan ka tarar da haɗari

A nan ne masu son taimako sukan ƙara wa mutum ciwo ba da saninsu ba.

1. Ka faka nesa, ka sa alama don kada wata motar ta afka wa jama'a. Ka kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, ko lambar gaggawa ta 112.
2. Kada a fizgo mutum ta hannu da ƙafa. Idan ƙashin wuya ko na baya ya karye, juyi ɗaya na iya tsinka laka, mutum ya shanye har abada. Idan dole ne a ɗauke shi, mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, sauran su ɗaga tare, a kwantar da shi kan katako.
3. Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana dubawa. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai.
4. Kada a ba shi ruwa ko abinci. Zai iya shaƙewa, kuma wataƙila a yi masa tiyata.
5. Idan tankar mai ce ta faɗi, ka gudu ka kuma kori jama'a. A watan Oktoba na 2024, sama da mutum 150 suka rasu a garin Majiya na Jihar Jigawa sa'ad da tanka ta kama da wuta ana kwasar fetur.

Kada ka ce ai na tashi da ƙafata

Jini na iya zuba a cikin ciki daga saifa ko hanta, ko a cikin ƙoƙon kai, alhali babu rauni a waje. Duk wanda ya bugu a kai ko a ciki ya zo a duba shi. Idan daga baya aka ga amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, ruɗewa ko kumburin ciki, a garzayo da shi ko da tsakar dare ne. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa, asibiti za a fara kawo ta kafin a yi zancen mai ɗori, don gudun ruɓewar da kan kai ga yanke ƙafa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa.

Kafin ka tafi hutu, idan kana da lafiya, ka biyo ta ɗakin ajiyar jini ka ba da leda ɗaya, domin a irin waɗannan ranaku ake yawan nemansa. Ka duba taya da birki, ka yi barci isasshe, ka tashi da sassafe don ka sauka da sauran rana. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a yi biki lafiya.