Kama da Wane ba Wane ba ne: Tantance 'Ya'yan Murjani a Tankin Ruwan Gishiri

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya ji kalmar "murjani", abin da zai faɗo masa a rai shi ne jan dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya. Kalmar aro ce daga Larabci, wato marjan. Ni ma iyakar sanina ke nan, sai da na yi hutu a Legas a gidan kawuna, wanda ke kiwon kifin teku da murjani a tankin gilashi. Wata safiya ya nuna mini wasu 'yan abubuwa kamar furanni da suka fito a jikin wani dutse da ya sayo. Na miƙa hannu zan kankare su da farce, sai ya riƙe ni ya ce, "Kul, ɗana! Ba a taɓa abin da ba a san sunansa ba." Wannan maƙala za ta bayyana matakan da muka bi har muka gano sunan.

Mene ne murjani?

Murjani dabba ce, ba tsiro ba. A shekarar 1706 masanin Italiya Marsigli ya ɗauka furanni ne, sai a shekarun 1720 likitan Faransa Peyssonnel ya nuna cewa dabbobi ne. Kowace ƙwaya ɗaya, wadda zan kira "ɗan murjani", tana da jiki kamar ƙaramin buhu, da baki guda a tsakiya, da yatsu masu harbi kewaye da bakin. Sukan shigo tanki a ɓoye cikin ramukan dutsen da aka ɗebo daga teku.

Matakan tantancewa

Na farko, a ƙidaya yatsu da gilashin ƙara girma. Idan takwas ne cif, kuma kowane yatsa yana da geza kamar gashin tsuntsu, to ɗan dangin murjani mai yatsu takwas ne. Jan murjanin Bahar Rum da ake yin abin wuya da shi ma a nan yake. Idan kuwa yatsun santala-santala ne, adadinsu shida ko ninkin shida, to ɗaya dangin ne, kuma a cikinsa masu ɓarna suke.

Na biyu, a dubi gindi. Shin kowane yana zaman kansa ne, ko kuwa wata fata ta haɗa su kamar tabarma? Akwai ƙoƙon dutse mai tauri a ƙarƙashinsa, ko nama ne zalla?

Na uku, a fesa masa ruwa kaɗan da sirinji a ga halinsa. Wanda ake kira Aiptasia, mai ruwan ƙasa-ƙasa da dogayen yatsu, wuf yake shigewa rami. Dangin Zoanthus da Palythoa kuwa dunƙulewa suke yi kamar maɓalli. Wanda ya faɗa cikin ɗan bututu, tsutsa ce, ba murjani ba.

Na huɗu, a leƙa da tocila da dare, domin da yawa daga masu ƙoƙon dutse sai cikin duhu suke miƙe yatsunsu. A kuma riƙa ɗaukar hoto duk mako don a ga saurin yaɗuwa.

Amfanin sanin sunan

Aiptasia yana harbin murjanin da ke kusa da shi har ya kashe shi, kuma ɗan guntun da ya rage bayan kankara yakan zama sabo. Saboda haka kankara ƙara yawansa take yi. Masu kiwo kan sa masa wani jatan lande na dangin Lysmata, ko dodon koɗi marar kwanso mai suna Berghia, su cinye shi.

Palythoa ya fi haɗari, domin wasu ire-irensa na ɗauke da dafin falitoksin, wanda Moore da Scheuer suka fara tacewa a Hawai a 1971. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu mutanen Alaska da suka yi fama da zazzaɓi da wahalar numfashi bayan sun shaƙi dafin daga murjanin tanki. Don haka ba a tafasa irin wannan dutse, ba a goge shi da buroshi a fili, ba a kuma taɓa shi sai da safar hannu da tabarau.

Namu dai muka tarar fata ta haɗa su, yatsunsu layi biyu, jikinsu da ɓurɓushin yashi. Waɗannan alamun Palythoa ne, kuma a ranar akwai ɗan yanka a yatsana.

Kammalawa

Kawu ya sa safa ya mayar da dutsen wani ƙaramin tanki na daban. Ni kuma na dawo makaranta da matsalar fassara: kalma ɗaya muke da ita, "murjani", alhali halittun da ke ƙarƙashinta dubbai ne. "Ɗan murjani" da "yatsu" ƙirƙirata ce kawai. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk mai kalmar da ta fi dacewa ya kawo ta a fitowa ta gaba mu tattauna.