Audu Baƙo da Madatsar Tiga: Nazarin Shugaba da Zamaninsa

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce zamani riga. Saboda haka, ba a fahimtar aikin shugaba sai an dubi halin da duniya take ciki a lokacinsa. Wannan darasi zai kafa hujja da Audu Baƙo, gwamnan Jihar Kano na farko, daga 1967 zuwa 1975.

2.0 Zamanin Tashin Hankali

Audu Baƙo ya karɓi ragamar mulki ana dab da fara yaƙin basasa, wanda bai ƙare ba sai 1970. Daga bisani, fari mai tsanani ya auka wa ƙasashen Sahel, musamman a 1973, amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka halaka. A shekarar ce kuma yaƙin Larabawa da Isra'ila ya sa farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu, kuɗi suka kwararo Nijeriya.

3.0 Madatsar Tiga

A cikin wannan yanayi aka kammala madatsar Tiga a 1974. Ruwanta ne ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir. Sai dai tare ruwan ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, manoma da masunta suka ji a jika.

4.0 Auna Fahimta

1. Wace alaƙa ce tsakanin yaƙin 1973 da tattalin arzikin Nijeriya?
2. Yaya za ka koyar da tarihin shugaba ba tare da ka mayar da darasin kirari ba?