Me Ya Sa Wani Kwano Ke Daɗewa, Wani Ya Yi Tsatsa?

Duk wanda ya ratsa garin Danja ko Dabai zai lura da wani abu a rufin gidaje. Akwai kwanon da aka buga tun zamanin kakanni, ya yi toka-toka amma bai huje ba. Kusa da shi kuma ga na ɗakin ajiyar taki, wanda bai daɗe ba, ya yi ja ya fara yoyo. Rana ɗaya ke dukansu, ruwa ɗaya ke sauka a kansu. To, ina bambancin yake? Tambayar tana da muhimmanci, domin manomi kan sayar da amfanin gonarsa mai yawa kafin ya sayi bandir ɗaya.

Yadda Ake Yi wa Ƙarfe Riga

Ƙarfe yakan yi tsatsa ne idan ruwa da iskar oksijin suka haɗu a kansa. Don hana haka sai a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450 a ma'aunin Selshiyos, ya fito da siririyar riga. Wani Bafaranshe, Paul Jacques Malouin, shi ya bayyana wannan dabara a 1742, sannan Stanislas Sorel ya yi mata rajista a Faransa a 1837. Sunanta na Turanci kuwa daga Luigi Galvani aka samo shi, likitan nan na Italiya da ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi da ƙarafa iri biyu suka taɓa ta.

Kariya Iri Uku

Da farko, tutiya tana shiga tsakanin ƙarfe da ruwa. Na biyu, idan ta sha iska da laima sannan ta bushe, takan haɗu da iskar kabon dayoksaid ta yi wani ɓawo mai launin toka wanda ruwa ba ya wanke shi da sauƙi. Saboda haka dusashewar ƙyallin sabon kwano alamar lafiya ce. Na uku, ko da an karce kwanon har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke gefen karcen ita ke ciyuwa, ƙarfen ya tsira, domin ta fi shi saurin sakin ilektaron. Wato tana fansar ƙarfe da kanta.

Ke nan ran kwano yana ga kaurin rigarsa. Kwano mai kyau yana ɗauke da kimanin maikiron 20 a kowace fuska, maikiron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A karkara mai busasshiyar iska abin da ke zaizayewa a shekara ba ya cika kai maikiron 1 ba. A bakin teku, kamar Legas, gishirin da ke cikin iska yana ninka wannan sau da yawa. Ɗalibi ya yi lissafi: idan riga mai maikiron 20 ta kai shekara 20 ko fiye, shekara nawa mai maikiron 5 za ta yi? Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Maƙiyan Kwano a Ƙasar Noma

Yanayin Danja yana yi wa kwano gata, domin rani ya fi damina tsawo. Maƙiyansa suna cikin gida. Takin zamani gishiri ne mai jawo laima, ƙurarsa tana narkar da ɓawon kariya. Fitsari da kashin dabbobi, idan ƙwayoyin bakteriya suka ruɓar da su, suna fitar da iskar amoniya wadda ke cin rufin turke ta ciki. Ganyen darbejiya da kashin tantabaru da suka taru a kwarin kwano suna riƙe danshi, suna kuma haifar da sinadarai masu tsami. Haka nan sabon bandir da aka jibge ruwa ya shiga tsakaninsa yakan yi farin gari, domin babu iskar da za ta gina masa ɓawo.

Maganin ba shi da tsada. A share rufi kafin faɗuwar damina, a buɗe wa turke da ɗakin taki tagogi, a jingine sabon kwano a tsaye a busasshen wuri, a kuma yi amfani da ƙusa mai rigar tutiya. Sannan kada a jiƙa tsamiya ko zoɓo, ko a ajiye markaɗen tumatir, a bokitin tutiya, domin tsami yana narkar da ita cikin abinci, ta jawo amai da ciwon ciki.

Gwaji a Aji

Malami ya samo guntun sabon kwano, da gwangwanin madara, da ƙusar ƙarfe zalla. A karce kwanon da gwangwanin sosai, a sa kowanne a kwalbarsa cikin ruwan gishiri, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani har mako guda. Rigar gwangwani ta kuza ce, ita kuwa ba ta fansar ƙarfe. Wanne zai fara yin ja a wurin karcen, kuma don me?